Birki Na Ɗaukewa In Rana Ta Take, Baffa Kuma Ya Ce Laifina Ne

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Maraɗi, shekarata 28. Ina jan Hiace tsakanin Maraɗi da Tasawa, wani lokaci har Damagaram. Motar ta baffana ce, ƙanin mahaifina. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya sa aka koya mini tuƙi, shi ya yi mini aure. Tun da zafi ya shigo bana birkin motar ya canza hali. Da safe lafiya lau. In rana ta take kuwa, musamman a dawowa da lodi, sai feda ta yi laushi, sai na taka sau biyu ko uku kafin ta kama. Makon jiya muna shiga Cadawa amalanken shanu ya hau titi, na taka, feda ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Allah ne ya kiyaye. Na rage giya, na ja birkin hannu, na sauka gefe. Akwai mata da yara a motar. Da na fito, ƙauri na tashi daga tayar gaba ta dama, ba a iya kai hannu kusa da ita. Yaron mota ya watsa mata ruwa. Mun zauna kamar minti arba'in, birki ya dawo kamar ba a yi komai ba, muka ƙaraso gida a hankali.

Washegari da safe na kai ta wurin makanikenmu, wanda abokin Baffa ne tun kafin a haife ni. Ya taka, ya zagaya da ita, ya ce ba abin da ya same ta, zafin bazara ne. Ya ƙara mai a kofi, ya ce in riƙa watsa ruwa in ta yi zafi. Da Baffa ya ji haka sai ya ce ni ne mai gudu da yawan taka birki, har ya ce yaran yanzu in suna neman kuɗi sai su laƙa wa mota ciwo. Maganar nan ta ƙona mini rai, don ban taɓa cin ko dala tasa ba. Yanzu kullum na tayar da mota gabana faɗuwa yake. Matata na da ciki, kuma ba ni da wata sana'a sai wannan. In ajiye masa makullinsa ne? In kai ta wani gareji a ɓoye? Ko in yi shiru in ci gaba, in bar wa Allah?

Wani direba, Maraɗi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da arziki, kai da bayin Allah da ke cikin motar nan ranar. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da na fara gani shi ne direban da bai ruɗe ba lokacin da feda ta nutse masa. Da yawa a irin wannan lokaci ƙafarsu ce ke sandarewa a kan feda har su isa ga abin da suke gudu. Wannan faɗuwar gaban da kake ji da safe ma kada ka ɗauke ta ragwanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kai ne ƙafarka ke kan fedar nan tun asuba har magariba.

Bari in fara da motar, domin in ka gane ciwonta sosai, maganar da za ka yi da manyanka biyu za ta zo maka da sauƙi.

Aikin birki gaba ɗaya shi ne ya mayar da gudu zafi. Ka taka feda, man birki ya bi siraran bututu ya tura fistin, fistin ya matse plaket, wato ƴan takalman birkin gaba, a jikin faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gogayya ta cinye gudun, zafi ya fito. Ana amfani da mai ne saboda ba ya matsuwa: ƙarfin da ka sa a sama, haka zai isa ƙasa. Tururi kuwa yana matsuwa. Ranar da man nan ya tafasa kusa da taya, kumfar tururi za ta shiga tsakanin ƙafarka da fistin, sai ka taka kana matse iska kawai, feda ta tafi ƙasa kamar soso, yadda ka faɗa da bakinka. In aka zauna ƙarfe ya huce, tururin ya koma ruwa, feda ta dawo daram. Ka ga ke nan dawowar da birkin ya yi bayan minti arba'in, wadda ta sa ake ganin kamar ka ƙirƙiri magana, ita ce babbar shaidarka. Da bututu ne ya fashe mai ya tsiyaye, da zama a inuwa bai dawo da shi ba.

Sabon man birki ba ya tafasa da wasa. Wanda aka rubuta wa DOT 3, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Sai dai man nan yana da wani hali: yana zuƙar danshi daga iska, ta murfin kofi, ta jikin tiyon roba, a hankali a hankali, damina bayan damina. In ruwan da ya sha ya kai wajen kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, DOT 3 na iya tafasa a digiri 140, DOT 4 a 155. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. Mu kuwa abin da muka saba shi ne a ƙara in ya ragu, har mota ta tsufa da man da ta shigo da shi daga Kwatano. Gobe ka buɗe kofin ka leƙa. Sabo kamar tataccen man gyaɗa yake, kana hango gindin kofi ta cikinsa. In ka tarar ya yi duhu kamar shayin farko, to ya daɗe da gajiya. Tun da ka karɓi motar nan, ka taɓa ganin an juye shi duka?

Sai maganar zafin bazara. Gaskiya ne a watan Afrilu da Mayu Maraɗi na wuce digiri 40, kwalta ta fi haka, kuma iskar da ya kamata ta sanyaya faifai ita ma da zafinta take zuwa. Wannan yana rage wa birki numfashi, ban musa ba. Amma tsakanin 45 da 140 akwai tafiya mai nisa, kuma ranar da ke dukan motarka ita ce ke dukan duk motocin da ke tashi daga tasha ɗaya da kai. Hanyar Tasawa shimfiɗaɗɗiya ce, babu doguwar gangarar da direba zai kwana a kan birki. Abin da ke akwai shi ne tsaye-tsaye a Cadawa da Agye da Gazawa, da tudun rage gudu a bakin garuruwa, da shingen jami'ai, kuma lafiyayyen birki na ɗaukar wannan ko a tsakiyar bazara. Ruwa ba ya tsami banza. Kai da kanka ka ba ni amsar a wasiƙarka: ƙaurin daga taya ɗaya yake tashi, ta gaba ta dama. Rana ba ta zaɓar taya ɗaya ta bar uku.

Abin da na fi zato shi ne birkin wannan tayar ba ya saki bayan ka ɗaga ƙafa. Yana nan riƙe da faifai kaɗan-kaɗan, kilomita bayan kilomita. Da safe zafin bai taru ba, shi ya sa komai ke tafiya daidai. In an yi awa guda ana gudu da lodi sai ya taru har ya kai ga tsohon mai, shi kuma da ma kaɗan yake jira.

Abubuwan da ke hana birki saki sanannu ne. Maƙatar da ke rungume da faifai, wadda makanikanmu ke kira etiriye, tana zamewa ne a kan ƙusoshi biyu masu giris, kowace da ƴar rigarta ta roba. In robar ta tsage, ƙurar hunturu da yashin hanya su shiga, ruwan damina ya biyo baya, sai giris ya zama laka, ƙusa ta kafe. Haka fistin ɗin kansa, in robar bakinsa ta yage tsatsa ta kama shi, zai fita da ƙarfin ƙafarka amma ba zai koma ba. Wanda ya fi ɓuya shi ne tiyon robar da ke kawo mai ga tayar. Na taɓa tsayawa a kan wata mota da ta cinye plaket sau uku cikin wata biyu a taya guda. An wanke etiriye, an canja fistin, ba ta daina ba. Da aka cire tiyon, a ido lafiyarsa ƙalau, ba tsaga ba yoyo. Sai da aka yanka shi biyu da wuƙa muka ga cikinsa ya kumbura ya ɓare, ramin ya tsuke har tsinken ashana ba ya shiga. Ƙarfin ƙafa na tura mai ya wuce, komawa kuwa ta gagara, sai birki ya zauna a matse. Boris ɗin taya ma in ya lalace yana kawo zafi, ko da yake shi yawanci da kuka yake zuwa, a duba shi tunda an riga an ɗaga mota. Ka kuma waiwaya baya kaɗan: motar na janka dama in ka sassauta sitiyari? Ta ƙara shan mai a ƴan kwanakin nan? Baƙar ƙura ta fi yawa a jikin wannan tayar? Duk wanda ka amsa da i a cikinsu, ka riƙe shi, zai yi maka amfani.

Ruwan da ake watsawa kuwa, don Allah ku daina daga yau. Faifan nan zubin ƙarfe ne, in ya yi jawur aka kwara masa ruwan sanyi, gefe ɗaya na tsukewa kafin ɗayan, ya karkace ko ya tsage. Daga nan za ka fara jin feda na rawa a ƙarƙashin ƙafarka, sitiyari na karkarwa in ka taka. Ga shi kuma ruwan bai taɓa abin da ya kawo zafin ba.

Akwai inda maganar Baffa ke da ƙamshin gaskiya, kuma gara ka ji ta daga gare ni. Zafin da birki ke sha yana tafiya da nauyi. Hiace da aka cika da mutane, aka ɗora buhunan gero da wake a sama, ba ita ce wadda makanike ya zagaya da ita ba kowa a ciki ba. Gudu ya fi nauyi muni, domin in ka ninka gudu, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Tsayar da mota daga gudun 110 na haifar da zafi kusan ninki biyu na tsayar da ita daga 80. In kuma kana cikin masu cire giya su saki mota don tattalin mai, to ka ɗora wa birki aikin da inji ya kamata ya taya shi. Ni ban ce kana yi ba. Ka dai binciki kanka tsakaninka da Allah, abin da ka samu ka gyara. Amma ko da duk kana yi, gudu da lodi tayoyin gaba biyu suke gasawa tare, ba ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan mutanen. Makaniken nan ban ɗauke shi maƙaryaci ba. An kawo masa mota da sanyin safiya, ya taka ya ji feda da ƙarfinta, ya faɗi abin da ya gani. Kuskurensa shi ne ya tsaya a nan. Direba ya ce maka feda ta nutse da fasinja a mota, taya ɗaya na ƙauri, bai kamata motar ta bar gareji ba a kwance wannan tayar ba. Ƙarin man da ya yi ma tambaya ce da ba a amsa ba, domin man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. In ya ragu a kofi, ko plaket ne ya cinye, ko akwai inda yake yoyo. Sai dai ka sani, dattijon da ya yi shekaru yana gyara, ya riga ya faɗa wa abokinsa cewa mota lafiya take, janye maganar na da nauyi a wurinsa, musamman a gaban yaran garejinsa. Saboda haka kada ka je masa da gardama, kada ka je masa da lambobin da na lissafa maka kamar mai koya masa aiki. Ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: “Baba, ciwon nan ba ya fitowa sai ta yi zafi. Ina roƙon ka ba ni awa ɗaya bayan azahar mu fita tare, ka gani da idonka, don ni ban iya kwatanta maka shi yadda yake ba.” Ka bar masa ƙofar da zai zama shi ne ya gano ciwon. Kai ba yabo kake nema ba, birki kake nema.

Ku fita ba fasinja, ku yi kamar kilomita goma ko goma sha biyar da matsakaicin gudu, ba tare da yawan taka birki ba, sannan ku tsaya a fili. Ku kai hannu kusa da kowace taya ba tare da taɓa ƙarfe ba, ku gwada dama da hagu. A lafiyayyar mota ɗuminsu kusan ɗaya ne. In akwai mai na'urar auna zafi daga nesa ta makanikai, ya fi kyau, amma irin wadda aka riƙa nuna wa mutane a goshi lokacin korona ba za ta yi wannan aikin ba. Sannan a ɗaga gaban motar tun tana da zafi, a juya tayoyin biyu da hannu. Ta hagu za ta yi ta juyawa, ta dama in zatona daidai ne za ta tsaya da ka sake ta, ko ma sai da ƙarfi za ta motsa. Daga nan abu ɗaya ya rage, kuma Baba ya san shi: ya sassauta ɗan notin da ake fitar da iska a wannan tayar, yana kiyaye hannunsa da idonsa don man na da zafi. In mai ya yi tsartuwa tayar ta saki nan take, to mai ne ke maƙalewa, tiyo za a fara tuhuma. In ba ta saki ba, ƙusoshi ne ko fistin. In kuwa tayoyin gaba biyu duka ke riƙewa, sai a koma sama, a duba babban famfon da ke bayan feda, a kuma tabbata fedar na da ɗan wasa kafin ta fara kamawa.

Baffa kuma. Maganar da ya faɗa maka ba daidai ba ce, kuma na san zafinta, don zargi daga bakin wanda ya rene ka ya fi na bare ciwo. Amma ka dubi inda yake tsaye. Duk mai motar haya ya sha jin labarin direban da ke haɗa baki da gareji, wataƙila shi kansa an taɓa yi masa. Ga abokinsa na shekaru ya ce masa mota lafiya. Shi bai taka fedar nan a Cadawa ba, bai ji kukan matan da ke baya ba. Kuma mutumin da ya miƙa maka makullin dukiyarsa, kake kawo masa kuɗi kullum, bai ɗauke ka ɓarawo ba a zuciyarsa. Na fi ɗaukar maganar a matsayin ta ɓacin rai da tsoron kashe kuɗi.

Hanya mafi sauƙi ta kashe zargin ita ce ka cire hannunka daga kuɗin gaba ɗaya. Kada ka tayar da maganar lokacin da kake miƙa masa kuɗin yini, ko a gaban mutane. Ka bari bayan isha'i, in ya ci abinci ya huta, ka zauna ƙasa ka ce masa: “Baffa, ban zo neman ko dala ba. Ina roƙon ka zo da kanka, ko ka turo wanda ka yarda da shi, a gwada motar da zafinta a gaban Baba. In akwai abin saye, kai za ka saya da hannunka, tsofaffin kayan kuma a kawo maka su gida. In aka duba ba a samu komai ba, na karɓi laifi.” Ka gaya masa abin da ya faru a Cadawa dalla-dalla, domin ina zaton a gurguje ya ji shi: nisan da ya rage tsakaninku da shanun, da yawan mutanen da ke ciki. Ka tuna masa da ladabi cewa motar tasa ce, ranar da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ba direba kaɗai za a nema ba, kuma kuɗin tiyo da mai da plaket ba a haɗa shi da kuɗin mota. In kana ganin bakinka ba zai iya ba, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, goggonka, ko limamin unguwarku, ko wani dattijo cikin shugabannin tasha, ya raka ka.

Kai ta wani gareji a ɓoye kuwa, ban ba ka wannan shawarar ba. Maraɗi ba ta da girman da za a kwance tayar motar Baffa a wani gareji labari bai kai masa ba, kuma ranar da ya ji, ka tabbatar masa da zargin da kake son wankewa, ka kuma ci fuskar abokinsa. In Baba ya ƙi fita gwajin, sai ka nemi izinin Baffa a fili a kai ta wani wuri a duba, kuɗin dubawar daga aljihunka. In kuɗin gyaran ne ya tsaya masa, ka ce a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga naka har ya biya. Na san ba haƙƙinka ba ne ka biya, amma ya fi maka sauƙi a kan rasa aikin.

In an zo gyara, ka tsaya a kai. Abin da aka yi wa dama a yi wa hagu: plaket biyu-biyu ake canzawa, tiyo ma gara a canza duka biyun tunda shekarunsu ɗaya. A wanke ƙusoshin a sa musu giris ɗin da aka yi don birki, domin baƙin mai da giris na gama-gari suna kumbura roba, bayan wata biyu ku koma gidan jiya. A dubi faifan da kyau. In ya yi shuɗi-shuɗi, ko akwai tsaga, ko ya sirance ƙasa da lambar da aka buga a jikinsa, ya gama aiki. Man kuma a juye shi duka, a yi ta turawa ta kowace taya har sai mai haske ya fito, daga kwalbar da aka fasa hatiminta a gabanku, ba wadda ta kwana biyu a buɗe a kan tebur an toshe bakinta da leda ba. Ku bi lambar da ke kan murfin kofi. DOT 4 na shiga inda aka ce DOT 3, amma DOT 5 wani jinsi ne daban, ba a haɗa su. Kada ka yarda a zuba ruwan sabulu ko man giya, kada kuma ka yarda a toshe bututun tayar a ce a lallaɓa da uku. Plaket ma akwai na banza a kasuwa, masu ƙyalli da sun ji wuta, nan ba wurin neman araha ba ne.

Kada a manta da baya. Birkin bayan yawancin Hiace ganga ce da takalmi a ciki. In takalman sun cinye ko ba a daidaita su ba, sai gaba ta ɗauki aikin mota duka. A irin waɗanda suka kwana biyu kuma akwai wani ɗan bawul kusa da gindin mota da ke ƙara wa baya ƙarfin birki gwargwadon lodi. In an ƙara wa mota sufirin don ta ɗauki kaya, kamar yadda ake yi, ba a daidaita shi ba, bawul ɗin na ɗauka mota ba kaya ko da ta cika maƙil. Ka roƙi Baba ya duba wannan. Bayan gyara, kilomita 200 zuwa 300 na farko ka bi sabon plaket a hankali har ya zauna, kuma a fitar farko ka tsaya a Cadawa ka sake kai hannu kusa da tayoyin.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi. Ba zan ce maka ka yi shiru ka ci gaba ba. Wanda ya biya kuɗi ya shiga motarka da ƴaƴansa, amana ya ba ka, kuma kai kaɗai ne a cikin motar ka san abin da fedar nan ke iya yi. Da ba ka sani ba, da wata magana ce. Yanzu ka sani. Kada ka sake ɗaukar fasinja a motar nan sai an kwance tayar an canza man. Ko ƙarasowar da kuka yi ranar bayan ta huce, kasada ce, ko da yake na fahimci halin da kake ciki a bakin hanya da mutane. Nan gaba, a kowace mota, in feda ta nutse ka yi ta bugunta da sauri, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali kana danne da maɓallinsa, kuma kada ka kashe inji tana tafiya. In ka tsaya, ka nema wa fasinja wata motar.

In duk ka bi waɗannan hanyoyin Baffa ya ce atafau sai dai ka fita da ita haka, to ka kai masa makullin har gida, da hannu biyu, ba tare da ɗaga murya ba. Ka ce masa ba aikinsa ka ƙi ba, ba kuma zumunci ka yanke ba, ranar da aka gyara kana nan. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba ga mai iyali da ke jiran haihuwa. Shi ya sa nake so tun yau ka gaya wa matarka gaskiyar abin da ake ciki, don kada ta ji a bakin wani, ka kuma fara yi wa abokan aikinka na tasha magana ko akwai mai neman wanda zai kama masa tuƙi na ƴan kwanaki. Amma ban zaci za a kai nan ba. Gwajin awa ɗaya ne, gyaran kuma in an samu kaya bai fi yini guda ba, kuma dattawan nan biyu in suka ga taya ɗaya na juyawa ɗaya ta kafe, ba sai ka ƙara cewa komai ba.

Ka sake rubuto mini in an kwance tayar. Ina so in ji abin da aka tarar, ƙusa ce ko fistin ko tiyo, da launin man da ya fito. Ka gaida mai ɗakinka, Allah ya raba lafiya.